Hazon Hunturu, Bom ɗin Faransa da Amanar Labari

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa mana ƙasa muke tafiya a kanta cikin natsuwa, Yake kuma motsa ta a ranar da Ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, yau wani laifi ne namu za mu tona da bakinmu, ko Allah Ya sa wani ya ji ya tsira daga irinsa.

Muna da majalisa a nan Batagarawa inda muke zama bayan sallar isha'i. Wasunmu ma'aikatan gwamnati ne masu sammakon shiga Katsina, wasu kuwa 'yan kasuwa ne. A hunturun 2025, cikin watan Sha'aban, hazo ya sauka har mutum ba ya hango mota daga nesa a kan titin Dutsin-Ma, yara suna ta tari, leɓɓa sun tsage. Wani dare muna zaune sai wani saƙo ya shigo wayar ɗaya daga cikinmu, ya karanta mana. Wai hazon nan yana ɗauke da gubar bom ɗin da Faransa ta fasa a Sahara, wai kuma duk abin da ya fito daga hamada, musamman dabino, kada a kuskura a ci. A ƙarshe aka haɗa mai karatu da girman Allah ya tura wa mutum goma. Ba mu yi wata-wata ba muka tura, wani ga matansa, wani ga abokan aikinsa, wani ga 'yan ƙungiyar masallacinsu. Muka tashi muna ganin mun yi aikin lada.

Alhali kuwa muna da wani maƙwabci, mutumin kirki, wanda sana'arsa ke nan sayar da dabino, yana sarowa daga hannun fataken Agadas. Ya ci bashi ya cika shagonsa domin azumi, gama a wannan wata ɗaya yake samun abin da zai riƙe gidansa rabin shekara. Kafin mako ya kewayo ciniki ya tsaya masa cik. Mata suna aiko yara su mayar da wanda aka riga aka saya. Da ya zo majalisa yana ba da labari, muka sunkuyar da kai, domin kowa ya san inda saƙon ya bi ya isa gidajen unguwa.

Akwai wani dattijo da yakan zauna a gefenmu, ya haura shekara tamanin, ba shi da yawan magana. Ranar sai ya gyara zama ya ce, "'Ya'yana, ina tambayarku. Wa ya auna?" Muka ce, "Baba, auna me?" Ya ce, "Gubar da kuka ce tana cikin dabino. Ku da ba ku karɓar buhun gero sai kun zuba a tiya, ku da ba ku biyan ɗan kwangila sai an kawo takarda, wa ya auna muku wannan kafin ku raba wa jama'a?" Ba wanda ya tanka. Sa'an nan ya ce shi ya ga wannan tsoro da idonsa tun yana saurayi yana taya mahaifinsa awon gyaɗa, lokacin da ake rufe bakin rijiyoyi da tabarmi, uwaye suna hana yara fita in iska ta taso daga arewa. Maganar dattijon nan ita ta sa muka koma muka bi diddigin al'amarin, ga kuma abin da muka samu.

Bom ɗin dai gaskiya ne. Ranar Asabar 13 ga Fabrairu 1960, shi ma cikin watan Sha'aban, Faransa ta fasa bom ɗinta na nukiliya na farko kusa da garin Reggan a kudancin Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta. Ƙarfinsa ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945 kamar sau huɗu. Ta sake fasa wasu uku a sarari, a Afrilu da Disamba na 1960 da Afrilu na 1961, kana ta koma yin gwaji a ƙarƙashin duwatsu har zuwa 1966. Tsakanin Reggan da Katsina ya fi kilomita 1,500, amma iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Wata taswirar sojan Faransa da aka bayyana wa duniya a 2014 ta nuna burbushin bom na farko ya bazu kudu zuwa ƙasar Chadi da yammacin Afirka, ya kuma kai gaɓar Sifen cikin kwana 13. Ashe iyayenmu da suka rufe rijiyoyi ba su yi wauta ba.

To, amma ku dubi abin da shugabannin wancan zamani suka yi da tsoronsu. Da Faransa ta ƙi jin kira ta fasa bom na uku, Nijeriya tana da wata uku kacal da samun mulkin kai, gwamnatin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu na 1961, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka a ƙasar nan. Bayan wannan, a 1964, aka kafa ofishin awon tururin nukiliya a sashen kimiyyar lissafi da halitta na Jami'ar Ibadan. Watau sun tunkari mai laifin gaba da gaba, sun kuma nemi ma'auni. Mu kuwa jikokinsu da tsoro ya kama mu, sai muka afka wa maƙwabci mai dabino.

Dattijon ya kuma tuna mana wani abu. Kwana 16 bayan bom na farko, a daren 29 ga Fabrairu 1960, an shiga azumi ke nan, ƙasa ta girgiza a birnin Agadir na Maroko, mutum wajen 12,000 suka halaka cikin ƙasa da minti ɗaya. Ya ce da labarin ya iso ta rediyo, nan da nan aka ce ai bom ɗin Faransa ne ya tsaga ƙasa. Abu biyu sun zo kusa da juna, sai zuciya ta ɗaura musu aure. Masana kuwa sun bayyana cewa ɓawon duniya faifai-faifai ne manya, suna motsi a hankali kamar tsiron farce, suna turereniya a bakin juna, in dutse ya gaji da matsi ya goce sai abin da ke bisansa ya girgiza. Agadir tana gindin duwatsun Atlas inda irin wannan tsaga take. Girgizar ma ba ta cikin manya, ba ta kai maki 6 a ma'auni ba. Abin da ya yawaita gawa shi ne ta taso daf da ƙarƙashin gari, gine-ginen kuma ba su da ƙwari.

Game da hazonmu na yau kuwa, mafi yawan ƙurar hunturu da ke rufe ƙasar Hausa daga arewa maso gabas take zuwa, daga wani ƙwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Burbushin bom kuma ba ya zama da ƙarfinsa har abada. Akwai wanda rabin ƙarfinsa ke gushewa cikin kwana 8, wannan ya ƙare tun iyayenmu suna samari. Akwai wanda ake kira siziyam, shi sai shekara 30 rabinsa ke tafiya, saboda haka daga 1960 zuwa 2025 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Akwai kuma mai daɗewa ƙwarai, shi ya sa filin gwajin kansa bai zama wurin zama ba, mutanen wannan yanki kuma suna da hakki a wuyan Faransa. A watan Maris na 2022 wata babbar ƙura ta taso daga kudancin Aljeriya ta rufe ƙasashen Turai, masana suka tattara ta suka auna, suka buga sakamakon a farkon 2025. Sun tarar abin da ke cikinta bai kusanci haddin cutarwa ba, ɗan abin da ke ciki ma ya fi kama da ragowar gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet waɗanda suka bazu ko'ina a duniya. Hazo yana cutar da mai asma da jariri da tsoho domin ƙura ce mai shiga huhu, maganinsa rufe hanci da rage fita. Saƙon da muka tura kuwa bai ambaci sunan mai awo ba, bai faɗi rana ba, bai faɗi wuri ba.

Kada a ce mu kaɗai wannan cuta ta kama. Ranar Juma'a 11 ga Maris 2011 ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku gabas da Japan, maki 9 a ma'auni. Ƙasan teku ya ɗaga, ya turo ruwa kamar ganuwa, abin da ake kira tsunami, ya ci garuruwan gaɓa. Mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace, galibinsu ruwa ne ya ci su. Ruwan nan ya shiga tashar lantarki ta nukiliya a Fukushima ya kashe injinan sanyaya ta, tukwanenta uku suka narke, aka kwashe mutum fiye da 150,000 daga gidajensu. Duniya ta manta da waɗanda ruwa ya ci, ta koma zancen tururi. Amma da aka zauna lissafi bayan shekaru, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 bai ga ciwon da za a jingina kai tsaye ga tururin a jikin mazauna yankin ba. Waɗanda wahalar gudun hijira ta kashe a lardin, tsofaffi da marasa lafiya da aka kwasa cikin gaggawa da waɗanda baƙin ciki ya gama da su, sun haura 2,000. A ƙasar Sin kuwa, a makon nan na farko, aka yaɗa cewa gishiri yana tsare mutum daga tururin nukiliya, jama'a suka wawushe shi daga kantuna. Kafin mu yi musu dariya, mu tuna daren nan na watan Agusta 2014 da aka tashe mu da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha saboda cutar Ebola. Da yawa daga cikinmu sun yi, wasu masu hawan jini sai a gadon asibiti suka farka.

Ba muna cewa tururin nukiliya wasa ba ne. Bayan fashewar tashar Chernobil a 1986, dubban yara sun kamu da ciwon dajin maƙoshi saboda madarar da suka sha, hukuma kuma ta yi jinkirin faɗa wa mutane gaskiya. A can ɓoye labari ne ya cutar, a wani wurin kuwa zuzuta shi ne ya cutar. Duka biyun cin amanar labari ne.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 83, Allah Maɗaukaki Ya zargi mutanen da suke gaggawar watsa duk labarin aminci ko na tsoro da ya zo musu, Ya kuma nuna cewa kamata ya yi a mayar da shi ga Manzo da majiɓinta al'amari, domin masu iya tono gaskiyarsa su tono. A Suratul Hujurati, aya ta 6, an umurce mu da bin diddigin labari, kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Da muka sake karanta wannan aya a gaban malaminmu, sai muka ga kamar a kan majalisarmu ta sauka. Ga mutumin da aka cutar, ga jahilcin, ga kuma nadamar.

Haka kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Uba ne mai jimami, zancen kuma girmamawa ce gare shi, amma bai bar shi ya kwana ba. Ya koyar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba mutuwar wani ko rayuwarsa ke kama su ba, in an gani a tashi a yi salla da addu'a da sadaka. Wannan shi ne maganin irin ɗaurin auren da aka yi wa bom da girgizar Agadir. Musulmi yana jin motsin ƙasa ya tuna Suratuz Zalzala da ranar hisabi, ya tuba ya nemi gafara, amma ba ya ƙaga wa ayar Allah dalili daga kansa, ba ya kuma nuna waɗanda gini ya danne ya ce zunubinsu ne ya fi nasa.

Mu mutanen Katsina muna da wata alaƙa da wannan ilmi wadda ba kowa ya sani ba. Shehu Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, wanda muke karanta tafsirinsa kowane azumi, ya rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas. Shi ne kuma ya wallafa littafi sukutum a kan girgizar ƙasa, mai suna Kashfus Salsala, inda ya jera girgizar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara, gari bayan gari. Malamin da ya yi imani ƙasa ba ta motsi sai da izinin Allah, shi ne ya zauna ya ƙididdige motsinta. Bai ga saɓani tsakanin tawakkali da lissafi ba, kamar yadda Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, bai ga saɓani ba ranar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma nuna wa masu mamaki cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Tsoron da aka gina a kan sani yana ceton rai. Ranar 26 ga Disamba 2004 tsunami ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya, mafi yawansu Musulmin lardin Aceh na Indonesiya. Amma a tsibirin Simelu, wanda yake daf da inda girgizar ta taso, 'yan ƙalilan ne suka mutu cikin dubban mutane. Kakanninsu sun ga irinta a 1907, suka bar wa jikoki wasiyya cewa in ƙasa ta girgiza, teku kuma ya janye, kada a tsaya tsintar kifi, a gudu kan tudu. Labari ne na tsoro shi ma, amma labari ne da aka gani da ido, aka adana, aka miƙa shi yadda yake. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

To, ina ya kamata mu ajiye namu tsoron? Allah Ya zaunar da mu a tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa, teku kuma yana da nisan fiye da kilomita 800 daga gare mu. Duk da haka an ji motsin ƙasa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 2023, wadda ta ci mutum fiye da 50,000, ta nuna cewa bene mai ƙarancin siminti da rodi shi ne ke zama kabari. Ɗan kwangilar da ya rage siminti, da mai sayar da rodin da bai cika awo ba, da ma'aikacin da ya sa hannu a takardar gini bai je ya gani ba, kowannensu ya tanadi amsar da zai ba Allah. A ƙasar nan ma gini yana rushewa ba tare da ƙasa ta motsa ba.

'Yan'uwanmu masu harkar gwangwan da tsofaffin ƙarafa kuma, ga inda tururin nukiliya zai iya shigo muku gida da gaske. A birnin Goyaniya na Brazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe suka ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka ga gari mai shuɗin haske, aka yi ta rabawa ana sha'awa. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, sai da aka auna mutum fiye da 100,000. A maƙwabtanmu Nijar ana haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971, masu binciken da suka je can da na'ura a 2009 sun tarar da ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwa. Duk wanda ya ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ɗauke da alama mai fukafukai uku kamar fanka a kan launin ruwan ɗorawa, kada ya fasa, kada ya kai gida, ya nisanta ya sanar da hukuma. Kada mu manta da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Gubar tana tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi, ba wanda ya tura saƙo a kanta sai da aka fara jera ƙananan kaburbura.

Masu awo kuwa muna da su. Akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, ana gwada ƙasa da ma'adinai da ita. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa nan a ƙasar Batagarawa, malaman kimiyyarta muna haɗuwa da su a sahun salla. Da ɗayanmu ya tari ɗaya daga cikinsu a ƙofar masallaci ya nuna masa saƙon nan, da magana ta ƙare a daren.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi shagon maƙwabcinmu mu duka, dattijon nan yana gaba. Muka ce, "Alhaji, mu ne muka tura saƙon nan, ka yafe mana don Allah." Ya daɗe yana kallon buhunansa, sa'an nan ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Muka haɗa kuɗi muka sayi buhu biyu domin buɗa-baki a masallaci, muka rubuta saƙon gyara muka tura wa duk wanda muka tura wa na farko. Amma magana zarar bunu ce. Na farkon ya kai ƙauyukan da ba mu san sunansu ba, na biyun kuwa da ƙyar ya fita unguwa. Har aka yi salla mutumin nan bai gama biyan bashinsa ba, hakkin kuma muna jin nauyinsa har yau.

Tun daga ranar muka yi alkawari a majalisarmu, duk wanda ya zo da labarin tsoro, na hazo ne ko na cuta ko na girgizar ƙasa, za a yi masa tambayar dattijo: wa ya auna, yaushe, a ina? In yana da amsa, mu taya shi yaɗawa ko da dare ne. In ba shi da ita, labarin ya kwana a aljihunsa.

Allah Ya tsare mu daga bala'in sama da na ƙasa, Ya jiƙan waɗanda gini ya danne da waɗanda ruwa ya ci, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga hakkin bayinSa, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.